Gani ya kori ji: hoton gona daga bazara zuwa ɗari

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, darasinmu na wanga karo bisa hoto ne.

Kowa ya san mai hoto na kasuwa. Shi ne ke zaunar da mutum gaban ƙyalle, ya ɗauke shi don katin ɗan ƙasa ko don ranar salla, a biya shi kuɗinshi. Amma akwai wani mai hoton da ba a biya. Wani lokaci malamin makaranta ne, wani lokaci ɗalibi ne da ya zo hutu, ko ɗan ci-rani da ya komo da salula mai kyau. Za ku gan shi da sassafe durƙushe gaban ƙarangiya, ko tsaye shina kallon sheƙar shamuwa. Sha'awa ce kawai ta kai shi. Mutane su kan yi mashi dariya, su ce: mi ke ga icce har da za a ɗauki hotonshi? To, bari mu duba.

Ido shina mantuwa

Manomi shina ganin gonarshi kullum, shi ya sa ba ya lura da yadda ta ke sakewa. Kwazazzabo ya ci taku ɗaya bara, ya ci biyu bana, mai gona bai ankara ba sai ranar da ya kai ga kunya. A tambayi dattijai uku yadda bayan gari ya ke shekara 30 da sunka wuce, za a ji magana uku. Ba ƙarya su ke ba. Ido ne ke mantuwa. Hoto shi ba ya mantuwa.

Ga misali daga ƙasarmu. Cikin 1975, bayan babban farin 1973, jirgin sama ya bi bisa kudancin Nijar shina ɗaukar hoton ƙasa, don aikin taswira. Cikin garuruwan da ya ɗauka har da Galma, wajen Madawa, jahar Tawa. In an ɗauki icce daga sama, ɗan ɗigo baƙi a ke gani. Cikin hoton 1975, ɗigon kewayen Galma kaɗan ne, nan ɗaya can ɗaya. Anka koma ɗaukar wurin cikin 2003. Da anka aje hotunan biyu kusa da juna, sai ga ɗigo ko'ina cikin gonaki. Wani masanin taswira na Amurka, Gray Tappan, tare da masanan Nijar, sun yi irin wanga gwaji a wurare masu yawa na jahohin Maradi da Damagaram da Tawa. Sakamakon da sunka bayar cikin 2009 shi ne: hekta miliyan 5 na gonaki sun koma samun itatuwa, wajen icce miliyan 200.

Kafin nan, maganar da duniya ke yi ita ce hamada tana cinye Nijar, tunda mutane suna ƙaruwa. Mutanen kam sun ƙaru: ƙidayar 1977 ta ba da miliyan 5, ta 2012 ta ba da miliyan 17. Amma cikin waɗannan gonaki itatuwa sun ƙaru tare da su. Kuma ba dasa su anka yi ba. Manoma ne sunka daina tone kututture wajen sassabe. Sunka riƙa barin toho biyu ko uku masu ƙarfi ga kowane kalgo da sabara da geza, suna datse sauran. Shi ne sassaben zamani. Wajen Maradi, wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa shi cikin 1983, ya kuma samu karɓuwa bayan yunwar 1984. Wajen Magarya da Matamai da Mirya, gawo ne mutane sunka yi ta raino. Shekara kusan 20 ana wanga aiki, na nesa ba su sani ba, har na kusa ma ba su san girmanshi ba, sai da hoto biyu sunka haɗu.

Mu ba mu da jirgin sama. Amma cikin kowace makarantar yaƙi da jahilci da wuya a rasa salula guda mai ɗaukar hoto. Ta isa. Dabarar ɗaya ce: a zaɓi wuri ɗaya, a kafa dutse ko turke, a tsaya nan, a fuskanci gefe ɗaya, a ɗauka sau huɗu cikin shekara. Baɗi a koma.

Bazara

Ƙasa fara fat, gona babu komi sai tushiyar kara. Wasu su ce babu abin ɗauka. A ganinmu wanga hoto ya fi sauran amfani, don lokacin ne ƙasa ke nuna tsiraicinta. Ana ganin inda rairayi ya taru, da inda iska ta kwashe har ya zama faƙo, da bakin kwazazzabo. A kafa sanda taku biyar daga bakin, a ɗauka da sandar ciki. Baɗi war haka in saura taku uku, ba sai an yi gardama ba.

Ƙarshen bazara shamuwa ke zuwa, baƙa mai farin ciki. Tana sheƙa bisa itatuwan tsakar gari, ba ta tsoron mutane, don ba mai taɓa ta. Tana cin fara da tsutsa, abokiyar manomi ce. In damana ta ƙare sai ta kama hanyar kudancin Afirka ita da ƴaƴanta. Mai hoto ya rubuta ranar da ya fara ganinta. In ya yi haka shekara biyar, zai san kwana nawa ke tsakanin zuwanta da ruwan shibka a garinsu. Sai dai kada a fidda iri don an ga shamuwa. Tana ba da labari ne, ba ita ke riƙe da hadari ba.

Damana, da al'amarin gawo

Hadari na gabas, ga jan ƙura gabanshi: kowane mai salula ya taɓa ɗaukar wannan. Sai tsiron hatsi, sai huɗa, sai tabki ya cika yara na wanka, Gulbin Maradi da ya kwana wata da watanni shina rairayi ya kawo ruwa. Duk suna da kyau ga ido. Amma ku tsaya ga gawo.

Cikin malka, watan Agusta, kowane icce ya yi kore, gawo kaɗai ke tsaye babu ganye kamar ya mutu. Baƙon da bai san shi ba zai ce a sare shi. Ku ɗauki hotonshi daga nesa kaɗan, yadda gonar za ta shiga. Ku sa mutum ɗaya ya tsaya cikin hatsin gindin gawo, wani ya tsaya cikin na fili. Hoton zai nuna abin da manoma sunka daɗe da sani: na gindin gawo ya fi tsawo, ya fi duhun ganye.

Dalili uku ne, kuma hoton rani ne ke bayyana su. Ku koma wurin cikin Janairu ko Maris. Sauran itatuwa sun kaɗe, gawo ya yi lif da ganye. Awaki da tumaki da shanu suna kwance inuwarshi, suna tsintar ƴaƴanshi masu lanƙwasa, suna zuba taki nan. Wannan ɗaya. In ruwa ya kusa, ganyen ya zube ya ruɓe cikin ƙasa daidai lokacin shibka. Biyu ke nan. Na uku, da damana ba shi da inuwar da za ta danne hatsi. Akwai na huɗu wanda hoto ba ya gani: saiwarshi tana ƙara ma ƙasa ƙarfi, irin yadda saiwar wake da ta gujiya ke yi. Tsofaffin Damagaram suna ba da labarin cewa Sarki Tanimu ya hana saran gawo, da horo mai tsanani. Wanda ya aje hoton Agusta kusa da na Maris zai gane dalilin sarki ba da dogon bayani ba.

Ba kowane abu mai kyau ga hoto ne alheri ba. Ƙuduji shina da fure ja-ja mai ɗaukar ido, masu hoto na birni suna son shi. Shi kuwa saiwar hatsi ya ke tsotsa. Ƙwaya guda tana zubar da dubban iri, irin kuma shina iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara goma. Ku ɗauki hoton in kuna so, sa'an nan ku tumɓuke shi tun bai yi iri ba. Haka murzuna, tsutsar da ke bin zangarniya tana barin hanya murɗe-murɗe. A matso kusa, a ɗauka, a nuna ma malamin gona ko a aika mashi ta WhatsApp. Ya fi a ce mashi "wani ƙwaro ya kama hatsina", shi ko bai san wane ba.

Kaka da ɗari

Kaka ba ta bukatar bayani: dammuna jere, amalanke ɗauke, rumbu buɗe, mata na sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi na tashi cikin hasken la'asar. Lokacin ne kuma garken makiyaya ke komowa daga arewa, balbela na bin shanu. Hukuma ta kan sanar da ranar sakin gonaki. In dabbobi sun shiga kafin ranar, mai gona ya ɗauki hoton ɓarnar ya kai ma mai gari. Makiyayi ma, in ya tarad da an nome burtali, ya ɗauka ya kai. Salula ta fi sanda saurin kashe magana.

Da ɗari hazo ke sauka, rana ta koma kamar farin faifai, abin da ke nesa ya ɓace. Sai a ɗauki na kusa: fangalin albasa irin na Galmi, jigo bakin rijiya, yara kewaye da wuta da safe.

Yadda a ke ɗauka

Da, sai da fim. Mai 24 ne ko mai 36, in ya cika a kai birni a wanke, a jira. Mai hoto na lokacin ba ya danna yatsa sai ya yi tunani. Yau salula tana ɗaukar ɗari ba a biya ko dala, shi ya sa hotunan banza sunka yi yawa. Ku yi tunani irin na mai fim.

Rana ta kasance bayanku ko gefenku. In kun fuskance ta, komi baƙi zai fito. Hantsi da la'asar sun fi tsakar rana, don hasken tsaka shina wanke launi. A goge idon salula da ƙyalle mai laushi, musamman cikin hazo. A riƙe ta da hannu biyu, gwiwar hannu manne da jiki. Hoton gona a kwance a ke ɗaukarshi, na icce guda a tsaye. Kuma kada rabin hoton ya zama sama, ƙasa mu ke son gani.

Icce ba a neman izininshi, mutum ana nema. Kada a ɗauki matan mutane bakin rijiya ba su sani ba, kada a leƙa gidan wani da salula. Wanda ya ce a'a, a ƙyale shi. Sojoji da wuraren aikinsu kuwa ba abin ɗauka ba ne sam.

Inda karatu ya shigo

Hoton Galma ya yi amfani don an san wurin, an san shekarar. Hoton da ba shi da suna ba shi da rana, ado ne kawai. Gaskiya ne salula tana riƙe ranar da kanta. Amma salula tana faɗawa rijiya, ana sace ta, ana saida ta ranar da hatsi ya ƙare. Don haka kowace makaranta ta samu littafi guda. Duk hoton da anka ɗauka a rubuta layi ɗaya, kamar haka: Gonar yamma, gindin gawo, fuskar gabas, 15 ga Agusta. Huɗu mafi kyau na shekara a kai ma mai hoto na kasuwa ya fidda su bisa takarda, a rubuta bayansu, a aje cikin leda inda gara ba ta kai.

Akwai ranar da za a neme su. Cikin watan Yuli na 2020 gwamnati ta fiddo doka bisa sassaben zamani, wadda ta amince da hakkin manomi bisa iccen da ya raina cikin gonarshi. Hoto ba takardar gona ba ne, kada wani ya ce mun ce haka. Amma in an sare maka icce da dare, ko wani ya ce da can ya tarad da shi, hoton da ke nuna iccen tun shina toho, da ranarshi rubuce, shaida ce da za a saurara gaban mai gari.

Aikin wanga mako

Hekta, wadda mu ke ce ma eka, mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi. In an raba icce miliyan 200 ga hekta miliyan 5, kowace hekta ta samu nawa? Ku yi lissafin bisa allo. Sa'an nan kowa ya je gonarshi ya ƙidaya itatuwan da sunka fi shi tsawo, ya rubuta sunan kowane da yawanshi: gawo nawa, kalgo nawa, aduwa nawa, magarya nawa. Wanda ke da salula ya kafa turkenshi ya ɗauki hoton farko. Ku zo da takardunku ranar karatu mai zuwa, a gwada da amsar allo.