Girgizar ƙasa: inda ka kafa gidanka ma abin dubawa ne

Ni ɗan Tambuwal ne, dangin mahaifiyata kuma suna Kebbe. Ranar da malaminmu ya kawo maganar girgizar ƙasa a aji, cewa na yi a raina: mu ina ruwanmu? Sai ya tuna mana Kwoi ta jihar Kaduna a Satumbar 2016, da Mpape ta Abuja a Satumbar 2018, inda mutane suka fito daga gidajensu a firgice. Dukansu wurare ne masu duwatsu.

Girgiza ɗaya ba ta kaɗa gari daidai wa daida. Wuri biyu ta fi tsanani.

Na farko, kan tsauni. Motsin yakan taru a ƙololuwa, kamar bishiyar da aka jijjiga, sama ya fi gindi rawa. A girgizar Haiti ta 2010, gine-ginen da ke kan wani tsauni a babban birnin ƙasar, har da otal ɗin Montana, sun yi mummunar rushewa. A gangare kuma ƙasa ke zaftarewa: a Maroko a 2023, duwatsu sun toshe hanyoyin ƙauyukan tsaunukan Atlas, agaji ya makara.

Na biyu, kwari mai laka da yashi. In girgiza ta shiga ƙasa mai taushi, gudunta na raguwa amma kaɗawarta na ƙaruwa, ta bugi dutsen gefe ta dawo, kamar koko a kwano. A 1985 tushen girgizar na nesa da birnin Meziko da fiye da kilomita 300, amma unguwannin da aka gina kan busasshen tafki ne suka fi rushewa.

To, mu fa? Alhamdu lillahi, girgiza ba ta dame mu ba, ba mu kuma da manyan tsaunuka. Amma muna da fadama da kududdufai, ƙasa mai taushi da ke tsaga bango ko babu girgiza. Lokacin da na je sanin makamar aiki, na ga ana haƙa harsashin bene a kan kududdufin da aka cike, ba a gwada ƙasar ba. Na yi shiru don ni ƙarami ne. Har yau abin na damuna.

'Yan'uwa, gobe mu za a kira. Kafin a sauke bulo, mu tambaya: me ke ƙarƙashin nan?