Sayen tsohon moto

Bayan kaka, wani manomi na Gidan Sori ya sayar da wake da gujiya. Yana son moto don kai kaya kasuwa, da kai mara lafiya likita ko da tsakar dare. Kuɗinsa ba su isa sayen sabo ba. Sai ya tafi Maraɗi da ɗansa da ƙanensa makanike.

Dillali ya nuna masu moto biyu. Na farko Suzuki A100 ne, yana ta ƙyalli. Na biyu Honda CG 125 ne, fentinsa ya koɗe. An fara ƙera irinsa a Japan a 1975.

Yaron ya ce: «Baba, mu ɗauki mai ƙyallin!»

Makanike ya ce: «Dakata, ɗana. Fenti ba ya hawan tudu.»

Ya taɓa injin kowane, ya ji da sanyi. In an ɗuma inji tun kafin mai saye ya zo, ana iya ɓoye ciwonsa. Ya tada su. Sannan ya cika kofi da ruwa, ya aza bisa tankin na farko. Ruwan ya yi ta tsalle har ya zube. Bisa na biyu, ruwan ya ɗan motsa kawai.

Yaron ya ce: «Kawu, me ke sa moto rawa?»

Kawu ya ce: «Cikin inji akwai fistan, yana hawa yana sauka sau dubbai a minti ɗaya. Don haka kowane inji yana ɗan rawa. Suzukin nan mai bugu biyu ne: isansi yana kama wuta a kowane juyi. Yana ƙona mai tare da isansi, shi ya sa yake hayaƙi, rawarsa kuma ƙanana ce kamar kukan zuma. Honda mai bugu huɗu ne: wuta sau ɗaya a juyi biyu, kamar daka a turmi. Amma rawar da ta zubar da ruwa ciwo ce.»

Ya duba. Kusoshin da ke riƙe injin a ɗaure suke tam. Ya kasa kunne, ya ji ƙwanƙwasa daga ƙasan injin.

Ya ce: «Yaya, da kusa ce ta kwance, sai a ɗaure. Wannan kuwa sai an buɗe inji, gyaran zai ci jikka da yawa.»

Suka gwada Honda cikin rairayi, hannu bai mutu ba. Suka duba takardu, lambar da ke jikin moto ta yi daidai da ta takarda. Sai aka yi ciniki gaban shaidu.

Tambayoyi
1. Don me makanike ya taɓa injin kafin ya tada shi?
2. Mene ne bambancin inji mai bugu biyu da mai bugu huɗu?
3. Don me ake duba takardun moto?

Lissafi
Manomi ya zo da jikka 200. Ya sayi moto jikka 175, ya zuba isansi na jikka 3. Nawa ya rage?

Aiki
Ku aza kofin ruwa kusa da injin niƙa, can nesa da bel. Ku faɗi abin da kuka gani da Hausa, sannan da Faransanci.