Yadda Ake Jefa Ƙwallon Kwando Daga Bayan Layin Maki Uku

Shawarar da ta fi ɓata hannun matasa ita ce wai jifan nesa sai mai damtse. Abin da ke shigar da ƙwallo daga nesa shi ne tashin da ta yi sama kafin ta gangaro, kuma lissafi ya tabbatar da haka.

Tsayuwa ba ta da wuya: ware ƙafa daidai faɗin kafaɗa, lanƙwasa gwiwa, sa gwiwar hannu a ƙarƙashin ƙwallo.

Wahalar tana wajen saki. Zoben kwando yana da tsayin mita 3.05 daga ƙasa, faɗinsa santimita 45, ƙwallon maza kuwa kusan 24. Mutum zai ce ai akwai yalwa. To, yalwar ta ƙwallon da ta faɗo tsaye ce. Wadda ta zo a karkace, bakin zoben tsukewa yake yi a gabanta. In ta gangaro a kusurwar digiri 45, abin da ya rage mata kusan santimita 32 ne. In ta zo a digiri 30, bai kai 23 ba, wato ƙwallon ta fi ƙofar girma, dole ta daki ƙarfe komai kyan saitinka. Tun da zoben ya fi inda ka saki tsawo, ƙwallo tana sauka a kusurwar da ba ta kai wadda ta tashi da ita ba. Don haka saki wajen digiri 50, ka harba ta sama kamar za ka tsallake katanga, kada ka miƙa ta gaba.

Wani zai ce: in haka ne, me zai hana a cilla ta can sama? Amsar tana cikin gudu. Daga layin maki uku na hukumar FIBA mai mita 6.75, ko na gasar NBA mai 7.24, ƙwallo na barin hannu da gudun kusan mita 9 a daƙiƙa. Kuskuren kashi 1 cikin 100 a gudun yana zama kusan kashi 2 a nisa, wato wajen santimita 14, ya isa ya zubar da jifa. Duk ƙarin tsawo yana neman ƙarin gudu, gudu mai yawa kuma ya fi wuyar maimaitawa daidai. Shi ya sa ƙarfin zai taso daga ƙafa, a saki ƙwallo jiki yana cikin tashi, hannu ya tsaya ga saiti kawai. Stephen Curry, wanda ya ci jifan maki uku 402 a kakar 2015-16, ba ƙato ba ne a cikin 'yan NBA. Da ƙafa da tashin ƙwallo yake aiki.

A ƙarshen saki karya wuyan hannu, ƙwallon ta bar manuniya da ɗan tsakiya tana juyawa baya, kamar sau 3 a daƙiƙa. Juyin nan ba ya ƙara nisan kirki. Amfaninsa shi ne in ta taɓa ƙarfe ko allo gudunta ya mutu, ta faɗo kusa. Nufi ɗan bayan tsakiyar zobe, ba gabansa ba.

Kuma don Allah kada ka koya da ƙwallon roba da siminti ya cinye, sulɓinta ba ya barin yatsu su juya ta. Nemi ƙwallon Molten ko Spalding, ko da ta hannu ce. Fara daga mita 3, kada ka ja da baya sai tashin ƙwallon ya zauna a hannunka.