Musulmi Da Taron Masu Shigar Kwaikwayo: Abin Da Ya Halatta Da Abin Da Za A Kiyaye

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata al'ada ce wadda ta taso daga ƙasar Japan, ta bazu cikin duniya har ta shiga ƙasashen Musulmi. Ita ce taron da masu sha'awar majigin zane na Japan, wanda ake kira anime, suke yi a ƙarshen mako, inda samari da 'yan mata kan ɗinka tufafi irin na taurarin waɗannan labarai su sanya. Dubban 'ya'yan Musulmi a Malesiya da Indonisiya da ƙasashen Larabawa da Turai suna halartar irin wannan taro. Iyaye kuwa sun kasu biyu. Wasu sun haramta abin ɗungurungum ba tare da sun san ko mene ne ba, wasu kuma sun saki yaransu sakaka. Malaman usulu sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san siffarsa. Saboda haka sai a fara da sanin abin tukuna.

Asalin Al'adar

Japanawa suna da littattafan labarai na zane da suke kira manga. Daga cikinsu ne ake ɗauko yawancin labaran da ake mayarwa majigi. A ran 1 ga Janairu 1963 aka fara nuna shirin Tetsuwan Atomu na mai zane Osamu Tezuka a talabijin ɗin Japan, shi ne kuwa ya buɗe ƙofar irin waɗannan shirye-shirye na mako-mako. Daga baya aka juya da yawa daga cikinsu zuwa Larabci, har labarin ɗan ƙwallon nan Tsubasa ya shahara wurin yaran Larabawa da sunan Kyaftin Majid.

Ita kuwa shigar kwaikwayo ta girmi wannan. A 1939, wajen taron farko na masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya a birnin Niyu Yok na Amurka, Forrest Ackerman da Myrtle Douglas suka zo cikin tufafi irin na mutanen wani zamani mai zuwa. A farkon shekarun 1980 wani marubuci Bajapane, Nobuyuki Takahashi, ya raɗa wa abin suna kosupure, watau wasan sutura. Wanda ya san tashe, inda yaro kan liƙa gemun auduga ya zama tsoho, ba zai sha wuyar gane abin ba, sai dai shi wannan har manya suna yi, kuma ana kashe masa dukiya.

Mafi girman irin waɗannan tarurruka shi ne Comiket na birnin Tokiyo. An fara shi ran 21 ga Disamba 1975 da ƙungiyoyin masu zane 32 da mahalarta kimanin 700. Sau biyu ake yinsa a shekara, cikin Agusta da Disamba. A taron Disamban 2019 an ƙidaya shigar mutane 750,000 cikin kwana huɗu. Tun 2003 ake yin taron shigar kwaikwayo na duniya a birnin Nagoya. A Malesiya akwai Comic Fiesta wanda aka fara a 2002, a Ikko ma an fara Lagos Comic Con a 2012, kuma an yi baje kolin anime a birnin Riyad a 2019.

Abin da ake yi a wurin bai wuce ciniki da kallo da gasa ba. Masu zane sukan kasa littattafan da suka buga da kansu, kamfanoni su sayar da 'yan gumakan roba na taurarin labarai, a gayyato masu muryoyin majigin su yi jawabi, masu shigar kwaikwayo kuma su tsaya a ɗauke su hoto.

Hukuncin Asali

Ƙa'idar da malamai suka kafa ita ce, al'adu da ma'amaloli asalinsu halal ne sai in nassi ya hana, ibada kuwa asalinta hani ne sai in nassi ya yi umurni. Taron nan al'ada ce ta wasa da ciniki. Shari'a ba ta hana wasa don yana wasa ba. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da māsu cikin masallacin Madina, Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) kuwa ya kare Nana A'isha da mayafinsa tana kallo har ta gaji don kanta. Ashe ke nan zuwa wurin a kan kansa ba haram ba ne. Hukuncin yana rataye da abin da mutum ya sanya, da abin da ya kalla, da abin da ya bari saboda zuwan. Waɗannan su ne za a bi ɗaya bayan ɗaya.

Na Farko: Sutura

A cikin Suratul A'arafi, aya ta 26, Allah Ya ambaci amfani biyu na tufafi, rufe tsiraici da ado, sa'an nan Ya fifita tufafin taƙawa. Ado halal ne muddin bai ture suturta al'aura ba. Al'aurar namiji daga cibiya ne zuwa gwiwa. Ta mace a gaban wanda ba muharraminta ba kuwa dukkan jiki ne ban da fuska da tafukan hannu, bisa mashahurin zance na mazhabar Malikiyya. To, da yawa daga cikin taurarin majigin nan an zana su ne da guntayen tufafi ko masu ɗame jiki. Cewa wai kwaikwayo ake yi ba ya sauke wannan wajibi, domin idon da ke kallo na gaske ne, jikin da ake kallo ma na gaske ne.

'Yan matan Musulmi na Malesiya da Indonisiya sun sami wata dabara a kan haka. Sukan tsawaita rigar tauraruwar, su sakar mata fāɗi, sa'an nan su naɗa lulluɓi mai launin gashinta su siffanta shi kamar gashi. Da wannan suka tsira daga buɗe kai, suka kuma kauce wa gashin kanti, wanda hadisin da ya la'anci mai ƙarin gashi da wadda ake yi wa ƙarin ya sa malamai suka tsananta a kansa. Sai dai lulluɓin da ya rufe gashi alhali riga ta bayyana surar jiki bai cika sharaɗi ba.

Na Biyu: Wa Ake Kwaikwaya

A waɗannan tarurruka abu ne sananne namiji ya yi shigar mace, mace ta yi shigar namiji. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata, da mata masu kamanta kansu da maza. Wannan ƙofa a rufe take, ko da sunan wasa.

Har wa yau, labaran Japan sun tsiro ne cikin al'ummar da addinanta Shinto da Buda ne, don haka cike suke da alloli da iskoki da matsafa. Musulmi ba ya yin shigar abin da ake bauta wa koma bayan Allah, ba ya rataya alamar bautar wani addini a wuyansa. Amma shigar ɗan ƙwallo, ko matuƙin jirgi, ko jarumin da ya tsare garinsu, wannan babu laifi a cikinta. Wajibi ne mai shigar ya san labarin wanda yake kwaikwaya, kada ya yi ado da abin da bai san ma'anarsa ba.

Akwai kuma darasi cikin yadda Musulmi suka ɓullo wa kamfanonin Japan sa'ad da aka taɓa alfarmar addini. A 2008 aka gano cewa wani majigi na labarin JoJo ya nuna mugun labarin yana duba shafukan Alƙur'ani. Da aka koka, masu shi suka nemi gafara suka tsai da rarraba shi. Haka nan a 2019 kamfanin Aniplex ya janye wani faifan kiɗa na shirin Kimetsu no Yaiba saboda an cusa sautin kiran salla a ciki. A 2021 kuma kamfanin Manga Productions na Saudiyya ya haɗa gwiwa da Toei Animation na Japan suka fitar da majigi a kan harin da Abrahata ya kai wa Makka da giwaye. Wannan ya nuna cewa zane makami ne, yana bin hannun wanda ya riƙe shi.

Na Uku: Surori Da Gumakan Roba

Malaman Malikiyya, a babin walima, sun ce surar da ta haramta ita ce ta mai rai, wadda take da jiki har tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika. Zanen da ke kan takarda ko bango bai kai ga haramci ba a wurinsu, iyakarsa karhanci, ko da yake waɗansu malaman na sauran mazhabobi sun fi tsanantawa. Sun togace 'yar tsanar yara, saboda Nana A'isha ta yi wasa da irinta. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi ya ga wani doki mai fukafukan tsumma cikin kayan wasanta, ya tambaye ta, da ta ba shi amsa sai ya yi dariya, bai hana ta ba. Bisa ga wannan, littafin zane mai tsabtar labari al'amarinsa da sauƙi. Amma baligi ya sayo cikakkun gumakan roba ya jera a ɗaki don ado, wannan ya shiga abin da aka hana. Kuma a sani, a manyan tarurruka irin su Comiket akwai rumfunan da ke sayar da zanen batsa. Umurnin runtse ido da ke cikin Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31, ya haɗa da su.

Na Huɗu: Salla Da Abinci

Nan ne mafi yawa suke zamewa. Taron yakan kama tun hantsi har la'asar ko dare, ga dogayen layuka, ga sutura mai wuyar cirewa. Fentin da ake shafawa a fuska da hannu, in ya yi kauri ya hana ruwa taɓa fata, alwala ba ta inganta sai an kankare shi, balle ga Malikawa da cuɗawa farilla ce a wurinsu. Mai hankali sai ya tsara shigarsa yadda zai iya tuɓe safar hannu da takalmi, ya kuma nemi wurin salla tun da isowarsa. A Malesiya manyan ɗakunan taro suna da wurin salla da suke kira surau. A Japan da Turai kuwa sau da yawa sai mutum ya nema wa kansa lungu mai tsarki. Wanda ya yi tafiyar mil 48 zuwa taron, bai kuwa yi niyyar zaman kwana huɗu ba, yana da damar ƙasaru. Mazaunin gari ba shi da wannan rangwame, kuma in taron ya faɗo ran Jumma'a, to sallar Jumma'a tana kansa.

Abincin da ake sayarwa shi ma abin bincike ne. Romon taliyar ramen irin wanda ake kira tonkotsu da ƙashin alade ake dafa shi, kuma ana zuba giyar shinkafa cikin miyar Japanawa da dama. Tambaya ba ta zama abin kunya ba.

Na Biyar: Dukiya Da Haƙƙin Mutane

Aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta haɗa izinin ado da ci da sha tare da hana almubazzaranci. Wanda ya koyi ɗinki da sassaƙa da rini ta hanyar wannan sha'awa ya sami sana'a. Amma wanda ya ci bashi, ko ya taɓa kuɗin makaranta, don rigar da zai sa kwana biyu, ya zalunci kansa da iyalinsa.

Masu shirya tarurrukan suna da dokoki, kuma wanda ya karɓi tikiti ya ɗauki alkawarin bin su. A Comiket ba a yarda mutum ya taho daga gida cikin shigarsa ba, sai ya canja a ɗakin da aka keɓe, kuma ba a ɗaukar kowa hoto sai da izininsa. Yawancin tarurruka suna binciken takubba da bindigogin wasa a bakin ƙofa. Musulmi ya fi kowa cancantar kiyaye wannan, domin Annabi ya umurci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani rauni, ya kuma hana a tsorata Musulmi ko da wasa.

Nasiha Ga Iyaye

Uban da ɗansa ko 'yarsa suka nemi izinin zuwa irin wannan taro, abin da ya fi shi ne ya zauna da su ya tambaya: wa za a kwaikwaya, wace irin riga ce, da wa za a tafi, ina za a yi salla, nawa za a kashe, yaushe za a dawo. 'Ya mace ta tafi tare da muharraminta. In amsoshin sun yi daidai da shari'a, ya bari, in da hali ma ya raka su. In kuwa ba su yi ba, ya hana, ya kuma faɗi dalili da hujjarsa, domin yaron da aka hana ba da bayani ba yakan nemi ɓarauniyar hanya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya shiryi zuriyar Musulmi, Ya sa su bambance halal da haram cikin wasansu da aikinsu, amin.