DARASIN KIWO: BIJIMI NAGARI, TA INA AKE GANE SHI?

Ya kai makiyayi, in ka shiga kasuwa sayen bijimi, me kake dubawa? Tozo, ƙaho, launi da ƙiba. Duk wannan daidai ne. Amma akwai bijimin da ya cika ido, yana hawan shanu kullum, shekara ta juyo ba maraƙi. Sau da yawa sai a ɗora wa saniya laifi, har a sayar da ita. Ka lura: in saniya ɗaya ce ba ta ɗaukar ciki, asararka maraƙi ɗaya. In bijimin ne ba shi da iri, asarar ta garke duka ce, ba maraƙi, ba nono.

Abin da ke cikin maniyyi

Cikin maniyyin bijimi akwai ƙwayoyin iri masu rai, dubban miliyoyi. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita. Kowace tana da kai da wutsiya, kamar ɗan kwaɗo sabon ƙyanƙyasa. Bayan barbara, sai su yi iyo su ratsa mahaifa, su nufi ƙwan saniya. Ɗaya tak ke shiga ƙwan, daga nan ciki ya kama.

Likitan dabbobi yana duba abu biyu da madubi: motsin ƙwayoyin da siffarsu. Ƙa'idar da likitoci da yawa ke bi ita ce, cikin 100, aƙalla 30 su kasance suna tafiya gaba, aƙalla 70 kuma su zama masu siffa lafiyayya. To amma an ga bijimai biyu sun ci wannan awo, ɗaya ya ba shanu da yawa ciki, ɗaya kaɗan. Me ya raba su?

Alamar da ke jikin ƙwaya

Masana sun gano wani sashe na amsar a fatar ƙwayar iri. Fatar tana lulluɓe da wasu sinadarai da ake kira furotin, dangin abin gina jiki da ke cikin nama da wake. Waɗansu tare da ƙwayar aka yi su, waɗansu daga ruwan maniyyi suke manne mata. Kowane da aikinsa.

Akwai waɗanda ake kira BSP. Su ke taimakon ƙwayar ta kama bangon hanyar ƙwai ta jira, kuma su shirya ta don shiga ƙwan. Akwai wani da ake kira FAA. Cikin shekarun 1990, masanan jami'ar Arizona ta Amurka sun auna shi a bijiman da ke kiwo tare da shanu. Sun tarar bijiman da ƙwayoyinsu ke ɗauke da FAA sun fi marasa shi ba shanu ciki. A 1993 kuma, a wata jami'a ta jihar Pensilbaniya, an sami furotin huɗu cikin ruwan maniyyi: biyu sun fi yawa ga bijimai masu haihuwa sosai, biyu ga masu ƙarancin haihuwa.

Saboda haka ake ce musu alamu. Da su ana iya ƙara tantance bijimi tun bai ɓata wa mai shi shekara ba. Amma alama ɗaya ba ta isa hukunci, sai an haɗa ta da sauran awo. Kuma aikin yana bukatar kayan likita.

Abin da kai za ka iya yi

Ba ka da madubi, amma kana da alƙalami. Ka sami littafi, ka yi haka:

1. Rubuta sunan saniya da ranar da bijimi ya hau ta. Saniyar da ba ta ɗauka ba takan sake neman bijimi bayan kwana 21 ko kusa da haka. In shanu da yawa suna komawa, zargi bijimin.
2. Duba marainansa. Su kasance biyu, daidai da juna, masu girma, ba kumburi. Kumburi yana iya zama ciwon bakkale, mai sa ɓari. Kai shi wurin likita.
3. Ƙwayar iri takan ɗauki wajen wata 2 kafin ta nuna. Bijimin da ya sha zazzaɓi, ko yunwa, ko tsananin zafin bazara, irinsa kan raunana har wajen wata 2 bayan haka. Ka ba shi harawa, dusa, angurya da inuwa tun kafin lokacin barbara.
4. Kada ka bar wa babban bijimi ɗaya shanun da suka wuce 25 zuwa 30.
5. Kafin ka saya, tambayi ƴaƴansa. Ko jinin Azawak ne irin na tashar Tukunus ta wajen Filinge, ko jan Bororo, shaidarsa maruƙansa.

Bijimin da littafinka ya nuna ba ya haihuwa, a dandaƙe shi ya ja garma, ko a kiwata shi a sayar.

Tambayoyi

1. Don me asarar bijimi marar iri ta fi ta saniya?
2. Ina ake samun furotin FAA?
3. Bayan kwana nawa saniyar da ba ta ɗauka ba take komawa?

Allah ya albarkaci garke.