Darasi Kan Lantarki: Idan Waifar Tsohuwar Mota Ta Tsaya

Waifa ce ke share ruwa daga gilashin gaban mota. Idan ta tsaya ana tsakiyar ruwan sama, direba ya zama makaho a kan hanya. Bari mu ɗauki Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, mu ga yadda ake gano matsalar.

Lantarki mai ƙarfin volt 12 yana fita daga batir, ya bi ta fiyus da makunni, ya isa ƙaramin injin waifa, sannan ya koma batir ta ƙarfen jikin motar. Duk inda wannan zagaye ya yanke, waifa ba za ta motsa ba.

A sami ƙwan fitilar mota mai wayoyi biyu. A murɗa makullin mota, a kunna waifa, a ɗora waya ɗaya a jikin ƙarfe, a riƙa taɓa waɗannan wurare da ɗayar, bi da bi. Matsalar tana tsakanin inda ƙwan ya kama na ƙarshe da inda ya ƙi kamawa. Idan ya kama har bakin injin, a fara duba tsatsa a mahaɗar injin da ƙarfe.

Kada a maye gurbin ƙonannen fiyus da waya, domin wayoyin na iya kama wuta.