Tambaya da Amsa: Shin Akwai Dokar da Ta Hana Su da Damina?

TAMBAYA

Ni manomi ne a ƙasar Matazu, ina kuma taɓa su, don sana'ar gidanmu ce. Bana dattawan masunta sun ce kada kowa ya jefa kalli ko birgi daga saukar damina har ruwa ya fara janyewa. Samarinmu sun ce ba su san zancen ba: ruwa na Allah ne, kuma lokacin ne tarwaɗa take fitowa da kanta har cikin ciyawa. Wani ɗalibi ya nuna mana kifin Turai a waya yana tsalle yana hawan kogi, ya ce can ma hukuma ce ke faɗin ranar da za a kama shi. Shin akwai irin wannan doka a ƙasarmu, ko dai son zuciya ne na manya?

Daga wani mai karatu, Matazu.

AMSA

Malam, dattawanku sun fi samarin gaskiya, amma samarin ma suna da magana, zan zo kanta.

Kifin da ɗalibin nan ya nuna maku salmon ne. A kogi ake ƙyanƙyasarsa, ya sauka teku ya girma, sannan ya komo kogin da ya fito don ya saka ƙwai. A ƙasashen sanyi irin su Nowe da Sukotilan da Kanada da jihar Alaska ta Amurka, galibi cikin watannin zafinsu yake wannan hawa, wato daidai da daminarmu. Dokokinsu kuwa ba wasa. A Sukotilan ba a kama shi ranar Lahadi. A yankin Bristol Bay na Alaska ma'aikata ke tsayawa bakin kogi suna ƙirga kifin da ya wuce sama, da lissafin nan ake buɗe wa masu raga ƙofa ko a rufe. A watan Yunin 2024 hukumar muhalli ta Nowe ta rufe koguna 33 ana tsakiyar kamu, saboda kifin da ya dawo ya yi kaɗan. A shekarar ce kuma Alaska da Kanada suka yarda a bar babban salmon na kogin Yukon ya huta shekara 7. Mutanen bakin wannan kogi tun kaka da kakanni da shi suke rayuwa, amma da suka wayi gari ya kusa ƙarewa, dole ta sa aka haƙura.

Mu ba mu da salmon, amma tarwaɗarmu halinta ke nan. Duk rani tana maƙale a cikin dam ko gurbin da bai ƙafe ba. Da an yi ruwan sama mai ƙarfi, rafi ya kawo, fadama ta cika, sai ta bi sabon ruwa cikin dare ta hau inda ciyawa ta nutse, ta zuba ƙwai ya manne a jikin ciyawar. Cikin kwana ɗaya ko biyu ya ƙyanƙyashe. To wannan tarwaɗar da samari ke cewa ta fito da kanta, har yaro ya buge ta da sanda, uwa ce ɗauke da dubban ƙwai. Kai da ka saba feɗe ta ka fi ni sanin abin da ake tararwa a cikinta a watan Yuni da Yuli. Ƙarfasa ma akwai irin da uwar ke riƙe ƙwanta a baki har 'ya'yan su iya yawo. Ka kama ta, ka kama su duka. Bargi kuwa sheƙa yake yi cikin ciyawar ruwa, yana gadinta. Kai manomi ne: kama kifi a wannan lokaci kamar daka irin shuka ne a tuƙa tuwo da shi ana gobe za a fita gona.

Batun doka, akwai ta. Gwamnatin tarayya ta kafa dokar kamun kifi a koguna da tafkuna a 1992, mai lamba 108. Ta hana kamun kifi da guba, da abin fashewa, da wutar lantarki. Ta hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato kusan inci 3, in ban da wasu kayan da aka keɓe don ƙananan kifayen da dama ba sa girma. Ta kuma ba hukumar jiha ikon ta rufe wani ruwa ko wani lokaci na shekara. Abin lura shi ne dokar ba ta yanke wa ƙasa duka rana ɗaya ta rufewa ba, don daminar Katsina ba ita ce ta Neja-Delta ba. Idan kuna son sanin abin da jiharku ta tsara kan lasisi da lokutan rufewa, sashen kifi na ma'aikatar gona a Katsina shi ne wurin zuwa, ko ku fara da ofishin gona na ƙaramar hukuma.

Sai dai a faɗi gaskiya: doka tana takarda, ruwa yana daji. Daga dam ɗin Zobe da aka kammala a 1983 kan kogin Karaɗuwa, zuwa Mairuwa da Gwaigwaye a wajen Funtuwa, zuwa dam ɗin Malumfashi, ga rafuka da fadamu bila adadin, wane ma'aikaci zai tsare su da tsakar dare, musamman da halin tsaron da ake ciki? Tarar da ke cikin dokar ma da kuɗin 1992 aka auna ta. Saboda haka abin da ya taɓa riƙe ruwan ƙasar Hausa shi ne har yanzu zai riƙe shi: Sarkin Ruwa da masuntansa. Dubi Argungu. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a can, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Giwan ruwan da ake fitarwa daga kogin Matan Fada, wanda sai ƙato biyu sun ɗauka, ba da tsafi ya girma ba. Hana taɓa wurin ake yi har ranar biki, ranar ma da homa da gora ake shiga. Ba Bature ya koya masu ba.

Yanzu ga maganar samari. Damina ita ce lokacin da rumbu ke yin ƙasa, kuɗi sun tafi wajen taki da noma, kifi kuma na tsada a kasuwa. Ka ce wa mai iyali ya zuba wa tarwaɗa ido wata 3, ba ƙaramin abu ka nema ba. Abin da ya fi ɓata masu rai kuma, a wurare da yawa a kan hana ɗan gari mai birgi ɗaya, sai ga baƙo da taru mai ido kamar rariya ya share ruwan, don ya san wanda ya gani. In haka ake yi a wurinku, samarin ba su yi ƙarya ba da suka kira shi son zuciya. Hani ko dai ya hau kan kowa, har 'ya'yan masu hanin, ko kuwa ya rushe cikin mako guda. Cewa ruwa na Allah ne, haka ne, shi ya sa mutum ɗaya ba shi da ikon ƙarar da abin da ke cikinsa ya bar na baya da laka.

A ra'ayina ba sai an rufe komai ruf ba. A bar wa mai fatsa ya kama na miya. Abin da za a tsaya a kai ba sani ba sabo shi ne tare bakin rafi da gura ko shinge lokacin da kifi ke hawa, da jan taru cikin ciyawa, da gidan sauro. Wannan na ƙarshe ya zama annoba: an raba shi don zazzaɓin cizon sauro, ya koma ruwa yana kwashe kifin da bai kai tsawon yatsa ba, su kuma yara suna kwana a fili.

Akwai wata ɓarnar da ku manoman masara da auduga ba ku cika sa ta a lissafi ba. Da can magimfa ake dakawa a zuba, daga baya aka shiga zuba Gamalin, wanda ke kashe babba da ƙarami, ya kuma bi kifin har cikin tukunya. Yau ko ba da niyya ba, wanke injin feshi a bakin rafi bayan an fesa maganin ƙwari ko na ciyawa yana iya yin ɓarna irin wannan a ƙaramin gurbi. A ɗebi ruwa a bokiti, a wanke can nesa kan tudu. Duk kifin da aka tarar yana yawo a mace bisa ruwa, kada a ci, kada a banda shi a kai kasuwa.

Lokacin kamu na gaske yana zuwa ne bayan marka, daga Oktoba zuwa cikin hunturu, sa'ad da ruwa ke janyewa, kifi ya yi ƙiba yana komawa gurbi, ku kuma kun rage aikin gona.

Malam, kada ka tsaya kallon rigimar daga gefe. Ka nemi mai gari ya tara dattawa da samarin a zaure ɗaya, a yanke ranar rufewa da ranar buɗewa, a faɗi girman idon ragar da aka yarda da ita, a sa samarin nan cikin masu gadi, a kuma kai wa ofishin gona takardar don baƙi ma ta hau kansu. Allah Ya ba da damina mai albarka.